Ƙudan Zuma Na Roba A Ajin Da Babu Benci



A zangon karatun da ya shige, wasu samari biyu sanye da kwat sun zagaya makarantun firamare na yankinmu ɗauke da jaka. Duk makarantar da suka shiga sai su nemi hedimasta, su share teburinsa, su fito da wani ɗan abin wasa na roba mai siffar ƙudan zuma, ruwan ɗorawa da baƙi, mai maɓallai a gadon baya. A danna gaba sau biyu, a danna dama, a danna na tafiya, sai ga shi yana rarrafe a kan tebur yana ƙyafta idanu. Muka yi dariya, muka tafa, domin gaskiya abin yana da ban sha'awa. Da aka gama tafi sai takarda ta fito. Ana so ƙungiyar iyaye da malamai ta amince a ɗora wa kowane ɗalibi wani kuɗi a kowane zango, a sayi irin waɗannan kaya, a buɗe abin da suka kira kulob ɗin kodin. Suka ce duk makarantar da ba ta shiga ba ta rufe wa 'ya'yanta ƙofar gobe.

Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Mun shafe shekaru ashirin da ɗoriya muna shaƙar ƙurar alli, kuma ba za mu zura ido ɗan kasuwa ya tsorata iyayen yaranmu da gobe, alhali yau ɗin ma ba a gyara ta ba. A ajin da aka gwada mana ƙudan zuman, fiye da rabin yara a ƙasa suke zaune, rufin kwano yana yoyo, tagogi babu marufi, wutar lantarki kuwa ko waya ba a ja ba. Abin wasan yana buƙatar daɓe mai santsi kafin ya yi tafiya daidai, shi ya sa aka gwada shi a kan teburin hedimasta. A daɓen ajinmu da ya farfashe, taku uku ba zai yi ba.

Kada wani ya ɗauka muna gaba da ilimin kwamfuta. Mu ne muke ganin tsofaffin ɗalibanmu suna rawar jiki a gaban na'ura ranar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Mun san ɗan da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana shiga zauren nan da rauni tun kafin ya karanta tambayar farko. Muna son 'ya'yan talakawa su iya wannan ilimi fiye da yadda mai sayar da kaya yake so, domin shi ribarsa tana ƙarewa ranar da aka biya shi, mu kuwa yaran suna hannunmu shekara shida. Saboda haka ne ya wajaba mu tsaya mu tambaya: mene ne ainihin abin da waɗannan kayan wasa suke koyarwa, kuma me ya faru a wuraren da aka riga mu saye?

Mu fara da asalin abin. A 1967 wani masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu mai suna Seymour Papert, tare da abokan aikinsa Wally Feurzeig da Cynthia Solomon, suka ƙirƙiro wani harshen kwamfuta domin yara a Amurka, suka sa masa suna Logo. Papert ya yi aiki a Janeba tare da Jean Piaget, wanda duk wanda ya zauna a ajin ilimin halayyar yara a kwalejin ilimi ya san sunansa. Daga baya aka haɗa wa Logo wani ɗan mutum-mutumi mai ƙafafun taya da alƙalami a cikinsa, aka kira shi kunkuru. Yaro ya ba shi umarni ya yi gaba, ya juya dama, sai kunkuru ya bi, yana zana layi a kan takarda. Idan yaro yana son murabba'i, dole ya gano da kansa cewa tafiya gaba da juyawar digiri 90 za a maimaita sau huɗu. Idan zanen ya karkace, sai ya koma ya binciki umarninsa ya ga inda ya kauce. A 1980 Papert ya fitar da littafinsa Mindstorms, inda ya bayyana damuwarsa cewa makarantu suna neman su sa kwamfuta ta riƙa sarrafa yaro, shi kuwa burinsa yaro ya sarrafa kwamfuta. Daga sunan wannan littafi kamfanin Lego ya samo sunan kayan mutum-mutuminsa da ya fito da su a 1998. Ƙudan zuman da aka kawo mana, wanda asalinsa ake kira Bee-Bot a Ingila, jikan wancan kunkuru ne: taku ɗaya santimita 15, juyi ɗaya digiri 90, samfurin farko kuma yana riƙe umarni 40.

To me yaro yake koya a nan? Abubuwa huɗu ne, kuma kowane malami zai gane su da zarar an faɗa da Hausa. Na farko jeri, wato sanin cewa aiki yana da matakai kuma kowane mataki yana da gurbinsa. Na biyu maimaici, wato gane abin da ke dawowa a taƙaita shi. Na uku sharaɗi: in kaza ya faru a yi kaza, in bai faru ba a yi wani abu dabam. Na huɗu, wanda ya fi su duka daraja, tsintar kuskure, wato yaro ya koyi cewa idan sakamako ya ɓaci ba kuka ake yi ba, komawa baya ake yi a nemo inda aka zame. Waɗannan huɗun su ne ƙashin bayan rubuta manhaja, tun daga wasan yara har zuwa manhajar banki. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake zaune a cikin roba ko batir. A cikin kan yaro suke tsira, kuma malami ne yake shuka su da tambaya: me kake zato zai faru in ka danna wannan? Me ya sa ya tsaya a nan? Ta yaya za ka gajarta umarnin? In babu mai yin waɗannan tambayoyi, yaro zai yi ta danne-danne har batir ya mutu, ya tashi da abin da ya zauna da shi.

Hasali ma, kalmar da masana kwamfuta suke tinƙaho da ita, algoridim, daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi aka samo ta, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ya tsara hanyoyin warware lissafi mataki bayan mataki fiye da shekara dubu kafin a ƙera kwamfuta ta farko, da tawada da takarda kawai. Uwar da take koya wa 'yarta tuƙin tuwo ma jerin matakai take koyarwa: a ɗora ruwa, in ya tafasa a yi talge, in talge ya dahu a zuba gari a tuƙa, a rufe ya turara, sannan a kwashe. A sauya jerin, tuwo ya yi gudaji. Mai ɗinkin hula yana maimaita zane ɗaya har ya zagaye kai, yana ƙirga zare. Dattawan da ke buga dara a gindin bishiya, da gurabe 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, sharaɗi suke lissafawa tun kafin su ɗaga hannu: in na ajiye nan zai tare can, in ya tare can na jera uku ta nan. Tunanin da ake so a sayar mana a cikin kwali yana nan a tsakar gidajenmu. Abin da ya rage shi ne malamin da aka horar ya ɗauko shi ya shigo da shi aji, ya sa masa suna, ya haɗa shi da na'ura ranar da na'urar ta samu.

Wannan ba mafarkinmu ba ne mu kaɗai. Tun a shekarun 1990 wani malamin jami'ar Canterbury a ƙasar New Zealand, Tim Bell, da abokan aikinsa suka tattara darussan koyar da ilimin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba, suka kira su CS Unplugged, kuma kyauta ake samunsu. Da katuna masu ɗigo ɗaya, biyu, huɗu, takwas da goma sha shida, yara suna koyon yadda kwamfuta take ƙirga da sifili da ɗaya. Da layukan da aka zana a ƙasa suna koyon yadda ake jera lambobi daga ƙarami zuwa babba. Mu ma mun gwada irin wannan a filin makarantarmu. Muka zana gidaje a kan yashi da tsinke kamar na 'yar gala-gala, muka ajiye murfin kwalba a gida ɗaya. Yarinya ɗaya ta zama mutum-mutumi, sauran suka rubuta mata umarni da kibiyoyi a kan allo: gaba, gaba, hagu, gaba. Da ta bi umarnin ta wuce murfin da gida ɗaya, ajin ya kaure da gardama, har wani yaro da ba ya magana a aji ya miƙe ya nuna kibiyar da ta yi yawa. Abin da ƙudan zuman roba zai koyar ke nan, sai dai a nan yara duka suna ciki lokaci ɗaya, da harshen da suke mafarki da shi, kuma ko kwabo ba a karɓa daga iyayensu ba.

Yanzu mu duba waɗanda suka riga mu saye, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2005 Nicholas Negroponte na cibiyar MIT ta Amurka ya shelanta shirin ba kowane yaro kwamfutar cinya ta dala 100. Duniya ta ɗauka, shugabanni suka yi ta ɗaukar hoto da 'yar koriyar na'urar. Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa, har aka yi gwaji a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja a 2007. Maganar sayen miliyan guda da aka yi ta yayatawa ba ta tabbata ba, kuma kuɗin na'urar ya tashi zuwa kusan ninki biyu na abin da aka yi alkawari. Ƙasar Peru ita ta zage ta saya, fiye da guda 800,000. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun karkara 319 na ƙasar. An ga yaran sun saba da na'ura, an kuma ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma a lissafi da harshe ba a ga wani ƙari ba. An raba na'ura, ba a sauya abin da ke faruwa tsakanin malami da ɗalibi ba, sai kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu.

Ingila, inda ƙudan zuman nan ya samo asali, ta sa ilimin kwamfuta a manhajar karatu tun daga 'yan shekara biyar a 2014. A 2016 tashar BBC ta jagoranci raba wata 'yar na'ura mai suna micro:bit kyauta ga yara kusan miliyan guda. Duk da haka, a 2017 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar, Royal Society, ta fitar da rahoto cewa koyar da darasin yana tangal-tangal, kuma babban dalili shi ne ƙarancin malaman da suka ƙware da rashin horar da waɗanda ke aji. Me gwamnatinsu ta yi? A 2018 ta ware fam miliyan 84 ta kafa cibiyar ƙasa domin horar da malaman kwamfuta. Ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, ajinta bai cika wuce yara talatin ba, ita ma sai da ta dawo kan malami. Mu da ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan, wane dalili zai sa mu fara daga inda su suka yi tuntuɓe?

Akwai kuma abin da masu jaka ba sa faɗa: kayan nan suna mutuwa, wani lokaci tun kafin robarsu ta tsufa. Da yawa daga cikinsu ba sa motsi sai da manhajar waya, manhajar kuma tana hannun kamfani. Kamfanin Anki na Amurka, mai ƙera wani ɗan mutum-mutumi da ya yi tashe mai suna Cozmo, ya rufe a 2019. Lego da kansa, duk girmansa, ya daina yin Mindstorms a ƙarshen 2022. In manyan kamfanoni suna janye hannu haka, wa zai gyara mana namu in ƙurar hunturu ta shiga tayarsa? A wace kasuwa za a samo maɓallin da ya karye? Kowannenmu ya san wani ɗaki a wata makaranta da aka kulle kwamfutoci a ciki tun ranar da aka yanke kyalle aka ɗauki hoto, hedimasta yana tsoron buɗewa kada wani abu ya lalace a ce ya biya. Gizo-gizo ya yi saƙa a kansu, yaran da aka kawo su dominsu sun gama makaranta ba su taɓa su ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas. Mu ne muke bin gida-gida muna roƙon iyaye su turo yara, musamman mata. Mun san gidajen da kuɗin fensir da littafin rubutu kaɗai ya isa ya sa a ce yarinya ta zauna ta ɗauki talla. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, kuma kuɗin irin wannan abin wasa guda ɗaya, in daga waje aka shigo da shi, ya haura haka. Guda nawa za a saya wa aji mai cike da yara? In an sayi biyu, yara biyu suna dannawa, sauran suna leƙe ta kafaɗa. Ƙarshenta kulob ɗin zai zama na 'ya'yan masu iya biya, a cikin makarantar gwamnati, a gaban idon 'ya'yan marasa hali. Mun shiga aikin nan ne domin mu rage tazarar da ke tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ba za mu yarda a gina sabuwar katanga a tsakiyar ajinmu ba.

Kuma kada a manta da tushe. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Ba ma buƙatar wani ya zo daga Washington ya gaya mana, muna ganinsu a aji huɗu da aji biyar suna bin layi da yatsa suna motsa baki. Rubuta manhaja karatu ne da rubutu da lissafi. Wanda bai iya karanta jimla ya gane ba, ba zai karanta umarnin kwamfuta ya gano kuskurensa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Duk wanda ke cikinmu ya ƙirga rajistarsa ya gani. Hukumar UBEC tana karɓar kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin tushe, kuma shekara da shekaru ana kukan cewa jihohi da dama ba sa biyan nasu kason balle su karɓo abin da aka ware musu. Ga inda ya kamata a ɗaga murya. Wanda ya bar wannan ya koma tatsar iyaye domin sayen ƙudan zuma, ya bar jaki yana dukan taiki.

Za a ce mana da babu gara ba daɗi, a bar yara su taɓa ko da guda ɗaya ne. Muna amsawa cewa in kyauta aka kawo, aka horar da malami, aka ba shi damar fito da shi daga kabad ba tare da fargabar biya ba, marhabin. Abin wasan ba shi da laifi, a hannun malamin da ya san aikinsa yana da amfani. Amma kuɗin makaranta ba rijiya ba ne. Nairar da ta tafi can, ita ce ba ta tafi wajen benci da alli da littafin karatu ba. In ma na'ura za a saya, tsohuwar kwamfuta mai lafiya da farantin sola sun fi mana amfani, domin manhajar Scratch da cibiyar MIT ta fitar a 2007 kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma da ita yaro zai tsara labari mai motsi, ya ƙirƙiri wasa, ya kuma saba da madannai da linzamin da zai tarar a zauren jarrabawa.

Saboda haka muna kira ga reshenmu ya tsaya a kan abubuwa biyar. Na ɗaya, kada a ɗora wa iyaye ko sisi da sunan kulob ɗin kodin a makarantar gwamnati, kuma wakilanmu a taron iyaye da malamai su faɗi haka a fili. Na biyu, duk wani shirin koyar da kwamfuta ya fara da horar da malaman aji, horo na gaske mai bibiya, wanda ya wuce taron yini ɗaya da ake raba ruwan leda da takardar shaida. Na uku, kada hukumar ilimi ko kwamitin kula da makaranta su sayi wata na'ura sai malaman da za su yi aiki da ita sun zauna an amsa musu tambayoyi: da me za a yi caji, wa zai gyara, ina kayan gyara, tana aiki babu intanet, wa zai ɗauki asara in ta lalace a hannun yaro? Na huɗu, mu da kanmu mu fara a wannan zango. Malaman da suka gwada darussan da ba sa buƙatar na'ura su koya wa 'yan uwansu a tarukan shiyya, mu tattara wasanninmu na gargajiya da suka dace, mu rubuta darussan da Hausa mu raba wa juna. Na biyar, mu ci gaba da matsa wa hukuma lamba a kan ɗaukar sababbin malamai, gyaran azuzuwa, da biyan haƙƙoƙinmu a kan kari, domin malamin da ke tunanin bashin mai shago ba zai iya koya wa yaro tunani ba.

Ga iyayen yara da iyalanmu da ke karanta wannan mujalla, muna roƙonku kada kowa ya sa ku ji kun gaza domin ba ku sayi abin wasa mai batir ba. Ku sa yaro ya faɗa muku hanyar gida zuwa kasuwa, kwana bayan kwana, ku bi abin da ya faɗa daidai ko da kuskure ne, ku bar shi ya gano inda ya ɓatar da ku. Ku sa yarinya ta jera muku matakan dama kunu, ku tambaye ta abin da zai faru in an tsallake ɗaya. Ku buga dara da su. Ku saurari karatunsu da dare ko da minti goma ne.

Taron reshe na gaba zai tattauna wannan batu. Kowane wakilin makaranta ya zo da adadin ɗaliban ajinsa, da adadin bencin da ke ciki, da kwafin duk wata takarda da masu sayar da kaya suka bari a ofishin hedimasta. Za mu shimfiɗa su a kan tebur ɗaya mu yanke shawara.

Allah Ya yi mana jagora, Ya albarkaci yaran da aka ba mu amana.